Kayan ɗakin Auta: abin da waya ta kawo da abin da ƙafa ta ɗauko

Asabar, 6 ga Satumba, 2025

An tsayar da ranar bikin Auta, Asabar 20 ga Disamba in Allah ya kai mu. Tun rasuwar Baba duk abin da ya shafi kuɗi a gidanmu ni ake miƙa wa, shi ya sa yau da la'asar a tsakar gidanmu na Tudun Wada, Kaduna, Umma ta fito da kuɗin adashen da ta shekara biyu tana zubi, ta ajiye a gabana. Kawu ya turo nasa ta banki. Na haɗa da ɗan abin da na tara daga albashina.

Ba mu kai rabin jerin kayan ba gardama ta tashi. Auta ta buɗe wayarta, hotunan tukwane, kuloli, labule da zannuwan gado sun fi ɗari, duk ta adana su daga Instagram da sitatus ɗin mata masu sayar da kaya. Ta ce, "Yaya, a yi oda kawai a kawo har ƙofar gida, me zai kai mu shan rana?" Umma ko kallon wayar ba ta yi ba. Ta ce, "Ni ba na cinikin biri a sama. Abin da hannuna bai taɓa ba, kuɗina ba ya zuwa wurin."

Kuɗin nan gumin tsohuwa ne, ɗakin kuma na yarinya ne, ita za ta zauna a ciki. Ba na son in zalunci ko ɗaya. Na sayi littafi, na ja layi a tsakiyar kowane shafi: gefe ɗaya waya, gefe ɗaya kasuwa. Kowane kaya zan rubuta kuɗinsa, kuɗin kawo shi, kwanakin da ya ɗauka, da kuma wanda zan kama idan ya ɓaci.

Laraba, 10 ga Satumba

Dare uku ina duba farashi bayan yara sun yi barci. Na leƙa Jumia da Konga, waɗanda tun 2012 suke wannan harka, na leƙa Temu da ta shigo ƙasar nan ƙarshen 2024. Abu ɗaya dai na ƙaru da shi tun kafin in kashe ko sisi: yanzu na san kuɗin kowane abu a ƙalla wuri uku. Da can da duhun kai nake shiga kasuwa, duk abin da aka faɗa sai in raba biyu in taya, ban san ko na yi kusa ko na yi nisa ba.

Asabar, 13 ga Satumba

Mun shiga Kasuwar Gumi ni da Umma tun da hantsi, kafin hadari ya haɗu. Kai tsaye ta ja ni layin masu kayan kicin, shagon wani Alhaji da ta ce a wurin mahaifinsa ta sayi kwallaye da samirun aurena. Yana hango ta ya miƙe, ya sa yaronsa ya kawo benci da ruwa. An fi minti goma ana gaisuwa. Ya yi ta'aziyyar Baba, alhali shekara huɗu ke nan da rasuwar, ya tambayi wace ce za a aurar, ya sa albarka.

Sannan aka fara fito da kaya. Ban taɓa lura da yadda Umma take sayayya ba sai yau da nake da niyyar rubutawa. Ta ɗauki kula, ta buɗe, ta sa hanci ta shaƙa. Ta murza murfin sau uku ta ji ko zaren yana kamawa. Ta ƙwanƙwasa cikin da farce, ta kara a kunne. Ta ɗaga da hannu ɗaya ta auna nauyi. Biyu daga cikin saitin farko ta tura gefe ba ta ce komai ba, shi ma Alhaji bai ce komai ba, ya dai ce wa yaro, "Ɗauko na sama, na cikin kwali."

Da aka zo kan kuɗi ya ce ₦96,000 saitin huɗu. Umma ta ce saba'in. Ya ce, "Albarka, Hajiya." Nan na ciro waya na nuna masa irinsu a intanet, ₦81,500. Na ɗauka ransa zai ɓaci. Ya karɓi wayar, ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "'Yata, kamfani ɗaya ne, amma duba hannun. Wannan na roba ne, nawa ƙarfe ne. Ina da irin wannan ɗin, in shi kike so in ba ki saba'in da takwas." Ya sa aka ɗauko. Gaskiyarsa ce. A hoto ba za ka taɓa bambancewa ba, a hannu kuwa ko yaro ya sani.

Mun tashi a ₦86,000 kan mai hannun ƙarfe, ya yi mana gyaran ludayi biyu. Muka ɗauki farantai, tire, kofuna da cokula. Kuɗin hannunmu ya gaza da dubu goma sha ɗaya, na ce bari in je wurin mai POS. Ya ce, "Haba, ku tafi da kayanku, duk ranar da kika shigo kya kawo." Bai rubuta a ko'ina ba.

Wahalar kuma ba zan ɓoye ta ba. Ruwa ya tare mu awa ɗaya a wata rumfa, mai keke ya ninka kuɗi saboda kwalaye, ƙafar Umma ta kumbura da dare. Yini guda cur ya tafi kan abubuwa biyar.

Juma'a, 26 ga Satumba

Odar farko ta iso: injin markaɗe da dutsen guga, daga ɗaya daga cikin manyan shagunan intanet. Na zaɓi in biya idan kaya ya zo hannu, shi ne sharaɗin da Umma ta yarda da shi. Kwana biyar ya ɗauka. Matsalar kawai adireshi. Gidanmu na cikin lungu, lambar da aka taɓa rubutawa a bango ta goge tun tuni, mai kawo kayan ya kira ni sau huɗu yana zagaye. Daga ƙarshe na ce ya tsaya a bakin masallaci, na tura ɗana ya shigo da shi.

Kwalayen a rufe suke da hatimin kamfani, takardar garanti a ciki. Na jira aka kawo wuta da magariba na gwada duka biyun. Lafiya lau. Na samu ragin kusan dubu tara a kan farashin kasuwa, ban taka ko'ina ba. Auta sai murna take, ta ce, "Kin gani ko, Yaya?" Na gani. Kayan da ke da suna da lamba a jikin kwali, wanda iri ɗaya ne ko a Legas ko a Kaduna, ba sai an shafa shi ba.

Asabar, 4 ga Oktoba

Yau raina a ɓace yake, amma gara in rubuta tun abin yana da ɗumi.

Nasarar injin markaɗe ta sa na saki jiki. Auta ta daɗe tana nuna min wasu tukwane masu murfin gilas a shafin wata mata a Instagram, masu ruwan toka da ɗigo-ɗigo, irin waɗanda abinci ba ya kamawa. Saitin biyar, an rubuta babbar santimita 32 ce. Mabiyan shafin dubbai ne, ƙarƙashin kowane hoto mata na ta godiya. Ta ce tana Kano, sai an biya take sakawa a mota. Asabar ɗin da ta wuce na tura ₦78,000, da ₦6,000 na mota. Ban gaya wa Umma ba sai da alat ya fita.

Ta ce kwana biyu. Sai yau, kwana bakwai, direba ya kira ni daga tashar Kawo. Da na ɗaga kwalin gabana ya faɗi, domin bai kai nauyin da nake tsammani ba. A gida muka buɗe a kan tabarma. Tukwanen su ne, launin ma shi ne, amma kamar an wanke su sun tsuke. Na ɗauko tef ɗin ɗinkin Umma na auna bakin babbar: 24. Ƙaramar kuwa 16, ta dafa indomin mutum ɗaya. Murfi ɗaya ya tsage daga gefe zuwa tsakiya. Babbar cikinsu ba za ta ɗauki mudun shinkafa ba, ga yarinya za ta shiga dangi masu yawa a Rigasa, inda ranar girkinta na farko za a zo a ga hannunta.

Auta ta shige ɗaki tana hawaye. Umma ta ɗauki babbar, ta juya gindinta, ta ƙwanƙwasa, ta ajiye. Ta ce, "Zuwa da kai ya fi aike." Ba ta ƙara ba, kuma da ta yi min faɗa da ya fi min sauƙi.

Laifina a nan shi ne ban nemi ta ɗauki bidiyo da tef a bakin tukunyar ba kafin in biya. Amma ita ta rubuta 32 da hannunta.

Talata, 7 ga Oktoba

Na tura mata hoton tef a kan tukunya da hoton abin da ta rubuta. Ta karanta ta yi shiru yini guda. Jiya ta amsa cewa kuskuren yarinyarta ne wurin rubutu, kuma a ƙa'idarta kayan da aka saya ba a dawo da shi. Murfin kuma ta ce laifin direba ne. Na duba shafin, an gyara rubutun ya koma 24, tambayar da na yi a ƙarƙashin hoton an goge ta. Sai yanzu na gane dalilin da ya sa babu komai a wurin sai yabo.

Na kai maganar wurin malamarmu ta Islamiyya bayan darasi. Ta ce a fiƙihun Malikiyya ya halatta a sayar da abin da ba ya wurin idan an siffanta shi, amma idan ya zo ya saɓa wa siffar, mai saye yana da zaɓin mayarwa. Ta tuna mana hadisin da Manzon Allah (SAW) ya wuce tsibin abinci a kasuwa, ya sa hannunsa ciki ya ji danshi, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya ce masa me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Tun jiya hadisin nan yake raina. Hannu aka sa a cikin tsibin. A waya ba inda za ka sa hannu, saman tsibin kawai ake nuna maka, don haka amanar da ke wuyan mai sayarwa ta ninka.

Abban yara kuma ya ce ko a dokar ƙasa mai tukwanen ba ta da hujja. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiki da ita, ta ba wanda bai samu damar duba kaya ba kafin a kawo masa ikon mayarwa idan bai dace da bayanin da aka yi ba. Na rubuta mata wannan cikin ladabi. Da yamma ta dawo min da ₦10,000, ta ce za ta aiko da murfi. Na karɓa. Ban san gidanta ba, ban san shagonta ba, sunan da ke kan asusun ma ba shi ne na shafin ba. Ko na ce zan bi haƙƙina, ta ina zan fara?

Asabar, 18 ga Oktoba

Panteka. Na shekara talatin da wani abu a garin nan ina wuce ta a hanyar Kwalejin Kimiyya da Fasaha, ban taɓa shiga cikinta sosai ba sai yau. Ƙarar guduma ta ko'ina, tartsatsin walda, yara na jan ƙarafa. Wani dattijo mai zubin tukwane ya nuna min yadda suke yi: a narka tsohon alminiyam, a danna yashi a jikin tukunyar da ake son kwaikwaya, a cire ta, a zuba narkakken a gurbin. In ya huce a fasa yashin, a goge da zarto. Na ce ina son mai cin mudu biyu, da mai mudu huɗu ta ranar taro. Bai tambaye ni santimita ba. Ya cika kowacce da ruwa a gabana, muka tsaya muna kallon gindin ko zai tsattsafo. Ɗaya ta yi gumi a gefe, da kansa ya ɗauke ta ya kawo wata.

Ba su da ƙyallin na Instagram. Amma irinsu ne a kicin ɗin Umma tun ina firamare. Na haɗa da kurfoti, domin gas na iya yankewa amarya tana tsakiyar girki. Masu murfin gilas ɗin za su zauna a kanta don ado da dafa shayi.

Daga nan na biya wurin kafinta. Gado da sif sun fara tsayuwa. Shi ma daga hoton wayar Auta yake kwaikwaya, sai dai a nan ina iya zuwa duk Asabar in ga irin katakon da yake sawa a baya, inda ido ba ya kaiwa.

Lahadi, 26 ga Oktoba

A makon nan mun je Rigasa auno tagogi. Alhamdu lillahi da ban yi odar labulen da Auta ta zaɓa a Temu ba tukuna. Ba wani aibu gare su ba, awonsu ne ba na ɗakin ba: tagar falon ta fi faɗi, kuma mu labule har ƙasa muke so. Haka zanin gado. Katifarmu shida da shida ce da ƙafa ake faɗa, su kuma da santimita suke rubutawa, kuma gadajen da aka ɗinka wa zannuwan ba lallai su zo daidai da namu ba, balle katifa mai kauri inci goma. Yadi ɗaya santimita 91 ne da ɗoriya, na rubuta wannan a bangon littafina.

Jiya na kai awon Kasuwar Barci. Tun da aka rushe ta a 2020 aka sake gini, wasu daga cikin waɗanda Umma ta sani ba su dawo ba, kuɗin sababbin shaguna ya fi ƙarfinsu. Telan da muka samu ya ce shekara biyu ya yi yana ɗinki a zauren gidansu, kuma da hotunan da ƙaninsa yake sa masa a WhatsApp ya riƙe masu kawo masa aiki. Na zaɓi yadi a hasken rana, na murza shi, na ɗaga shi sama in ga ko haske na ratsawa. Zai kawo ya ɗaura da kansa.

Ƙananan abubuwa dai na bar wa Auta ta yi odarsu: maratayin cokula, robobin kayan ƙamshi, agogon bango. Ko sun zo ba yadda ake so ba, asarar ba ta karya mutum.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Na koma biyan Alhaji cikon kuɗinsa. Na ji kunyar daɗewar, shi kuwa ya ce ya ma manta.

Ina zaune sai ga wata mata da niƙabi, da goyo a baya. Ba ta taya komai ba. Yaron shago ya jera mata saitin kofunan shayi a kan farin kwali, ta ɗauki hoto ta kowane gefe, ta rubuta kuɗi a takarda, ta yi godiya ta wuce shago na gaba. Na tambayi Alhaji. Ya ce irinsu sun fi goma da ke zuwa wurinsa. Su sa a sitatus, su ɗora dubu uku ko biyar, in an biya su turo masa, yaronsa ya ba mai mashin ya kai. Wannan ɗin mijinta ya rasu, 'ya'ya huɗu take ciyarwa da wayar nan.

Da na dawo gida na karɓi wayar Auta na bi hotunanta. Na ga flas ɗin shayi da ta daɗe tana so, an sa ₦31,000. Bayan hoton ga koren fentin kantar Alhaji, har da kalandar da ke rataye. A wurinsa ₦26,000 ne.

Wannan ya rikita min layin da na ja a littafi. Ashe kaso mai yawa na abin da muke kira sayayyar waya, Kasuwar Gumi ce da Kantin Kwari suka shigo cikin wayar. Kuma ban ga laifin matar nan ba ko kaɗan. Akwai matan aure da ba sa fita, akwai ma'aikatan da ba su da Asabar, dubu biyar ɗin nan ladan ƙafarta ne da kuɗin kekenta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, zuwa kasuwa da dawowa da kaya ba ƙaramin kuɗi ba ne. Bambancinta da mai tukwanen Kano shi ne ita a unguwa take, an san ƙofar gidanta, in kofi ya zo a fashe akwai inda za a je a yi sallama. Na karɓi lambarta. Turaren wuta da humra a wurinta zan saya, ta ce za ta kawo in shaƙa tukuna.

Na ƙara layi na uku a littafin: wanda na sani, ko ta waya ko a shago.

Juma'a, 21 ga Nuwamba

Hunturu ya fara, ƙura ta lulluɓe kwalayen da muka tara a ɗakin Baba, sai da muka rufe su da tsofaffin zannuwa. Saura kwana 29.

Murfin tukunya har yau bai zo ba. Na tuna mata sau biyu, na daina.

Abin da ya rage mai nauyi shi ne firiza. Shagunan intanet suna ta ragin watan Nuwamba, wadda muke so ta sauka da kusan ₦22,000 ƙasa da abin da aka faɗa min a wani shago a titin Ahmadu Bello. Auta ta ce ai irin injin markaɗe ne, kwali a rufe, suna ɗaya, lamba ɗaya. Hujjarta mai ƙarfi ce, kuma dubu ashirin da biyu ba ƙaramin kuɗi ba ne. Amma injin markaɗe in ya lalace a jaka zan sa shi. Firiza kuwa sai an nemi mota, ga wutar da ke zuwa wani lokaci da ƙarfi wani lokaci kamar kyandir. Mai shagon ya ce zai kunna ta a gabana har bangonta ya yi sanyi, ya buga hatimi a takardar garanti, yaransa su kai Rigasa su ajiye, su gaya wa ango ya bar ta ta zauna wasu awanni kafin a jona. Na nuna masa farashin waya, ya yi shiru, ya danna kalkuleta, ya rage dubu goma sha biyu. Ya ce iyakarsa ke nan, ƙasa da haka uwar kuɗi zai taɓa.

Saura dubu goma tsakani. Zuciyata ta karkata ga shagon, na gaya wa Auta, ta ce in ba ta zuwa Lahadi ta karanta sharuɗɗan mayar da kaya na wancan ɗin ta kawo min. Na yarda. In ta kawo abin da ya gamsar da ni, a yi odar.

Silindar gas a shago zan saya, mai kilo 12.5, in duba shekarar da aka buga a jikinta, a shafa ruwan sabulu a bakin a gabana. Katifa ranar Litinin wurin dila, Umma ta ce sai ta zauna a kai da kanta. Kafinta ya yi alkawarin 6 ga Disamba, tela 10 ga wata. Gwaggo ta karɓi aikin dubulan da alkaki. 'Yan jere Alhamis 18 ga wata, kuma har yanzu ban samu motar da za ta kwashi kayan zuwa Rigasa ba.